Kofin Gwaggo Mai Jan Zare

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta rasu wata Laraba da hantsi, kafin la'asar an kai ta makwancinta. Na zauna rubuta wannan ne don na ga alamar za a manta da ita da wuri, kuma yadda na ji ana ba da labarinta a zaman makoki bai yi mini kama da matar da na sani ba.

Gidanmu na Ƙofar Kuyambana ya cika maƙil, har lungu aka shimfiɗa tabarmi. Mata suna shigowa, a durƙusa, a ce ya aka ji da haƙuri, mu ce da godiya. Daga nan kowacce sai ta ajiye kalma ɗaya kamar an haɗa baki. "Ta huta, baiwar Allah." "Allah ya sa lalurar nan ta zame mata kaffara." Lalurar nan, lalurar nan. Na kasa kunne yini guda ban ji wadda ta kira abin da sunansa ba. To ni bari in kira shi tunda takarda ba ta jin kunya: farfaɗiya ce. Da ita Gwaggo ta tashi, da ita ta tsufa.

Ana cikin haka wata baƙuwa daga unguwar mijina, Ƙofar Jatau, ta ji ƙishi. Ta miƙa hannu kan randar da ke ƙofar ɗakin Gwaggo ta ɗauki wani kofin silba mai jan zare ɗaure a hannunsa. Matar Baffa, ƙanin marigayiyar, ta zabura.

"Ke! Ajiye! Na marigayiya ne!"

Matar ta saki kofin ya gangara tsakar gida, ta goge hannunta da mayafi. Sai wata tsohuwa ta ce Allah ya jiƙan rai, aka ce amin, aka ci gaba da gaisuwa. Ni na tashi na ɗauke shi. Sai da na mayar da shi kan randa na lura ashe da yatsu biyu na riƙe shi, kamar na tsinto mataccen ɓera. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai gane zaren nan ba. A wurinmu an yarda cewa farfaɗiya a yawu take, in ka sha inda mai ita ya sha ka ɗauka. Saboda haka tun Gwaggo tana yarinya kakarmu ta ware mata kofi da kwano, ta ɗaura jan zare don kada a yi kuskure. Aka hana ta zuwa bakin rijiya, aka hana ta murhu. An yi mata aure sau ɗaya, ba ta daɗe ba aka dawo da ita da kayanta, ba ta kuma haihu ba. Sana'arta ɗinkin hannu ne na manyan riguna, kuma duk birni an san allurarta. Zaren kofin in ya koɗe, ita da kanta take yanko sabo daga na aikinta ta ɗaura. Ba ta taɓa barin ya tsinke ba.

Kada ku ɗauka mai zaman baƙin ciki ce. Ina! Gwaggo ta fi kowa a gidan nan iya tsiya. Ciwon ma miji ta mayar da shi. In zai zo takan ji wani ƙauri a hanci, sai ta soke allura a jikin riga, ta ture ta gefe, ta kwanta a tabarma ta ce, "Maigida ya yi sallama, ku ba mu wuri." Mu kuwa dama abin da muke jira ke nan, kowa ya watse. In ta farfaɗo ta ga mun fara leƙowa, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ya tafi? Mutumin nan ko tsaraba ba ya kawowa. Amma dai shi kaɗai ne bai sake ni ba."

Akwai abin da ban gane ba sai da na haifi nawa 'ya'yan. Duk yaran gidan a ƙofar ɗakinta muke yini, don kullum akwai abin taɓawa. Gyaɗa mai ɓawo, goruba, lemon da ba a ɓare ba, dafaffen ƙwai in ta samu. Ba ta taɓa ba mu abin da ba shi da ɓawo ba. Ta san in ta gutsura mana wani abu da hannunta, iyayenmu mata za su karɓe a bayan ɗaki su zubar, to ba ta so mu yi kuka, ba ta kuma so su ji kunya. Ita ce take kare mu daga jin kunyar abin da muke yi mata.

Mutum ɗaya ne ba ya gudu in ta faɗi, shi ne autanmu. Tun yana ƙarami yakan tsaya ya tura mata matashi ƙarƙashin kai, ya sha duka a kan haka har aka gaji aka ƙyale shi. Shi ne ya yi karatu ya tafi ƙasar waje, yana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje da ke neman maganin cututtukan ƙwaƙwalwa. Duk zuwansa gida sai ya tara mu ya ce ba a ɗaukar farfaɗiya a kofi, ba a ɗauka a yawu, ba iska ba ce. Mukan ce to, Dokta, mun ji. Yana juya baya kowa ya koma kan kofinsa.

Wata shekara ya zo da magana. Ni ina wurin, ina taya Gwaggo warware zare. Ya ce yanzu ana iya ɗiban 'yar fata daga hannun mai ciwo, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. A ɗakin gwaji sai a lallaɓa ƙwayoyin halittar da ke cikinta su koma kamar sababbi, daga nan a bi da su a hankali har su zama irin na ƙwaƙwalwa. Sai su dunƙule su yi ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero, ana renonsa a cikin wani ruwa ja-ja, a akwati mai ɗumin jikin mutum. Da yake daga jikin mai ciwon ya fito, yakan nuna irin halin ciwon. A kansa ake gwada magani a gani, maimakon a fara da ɗan Adam.

Gwaggo ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka da aikin yi. Tashi ka ba ni wuri." Maganar ta mutu a nan.

Abin da ya tayar da ita jikar Baffa ce. Baffa shi ne ƙanin Gwaggo, shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, malami ne da manyan mutane ke zuwa zaurensa ɗaukar karatu. Yana da wata jika da yake ji da ita, yana kiranta Amarya, kullum da rana hannunta na cikin kwanonsa suna faɗan nama. Ran nan yarinyar ta faɗi a makarantar boko, aka kawo ta gida a sanƙame. Bayan ta sake faɗuwa, Baffa ya daina kiranta cin abinci. Kawai dai ya koma ci a zaure. Sai matar Baffa, da zuciya ɗaya, ba da mugunta ba, ta je ƙofar Gwaggo ta ce, "Yaya, a ɗan sam mini jan zare."

Ban taɓa jin muryar Gwaggo ta wuce katanga ba sai ranar. Ta hana zaren. Da aka samo a wani wuri aka ɗaura, ta sa almakashi ta yanke. Aka sake ɗaurawa. Sai ta yafa mayafi ta nufi zaure, inda mace ba ta shiga in ana karatu, ta tsaya a kan Baffa gaban ɗalibansa, ta kira shi da sunansa na yarinta wanda rabon da a ji shi tun kakarmu na raye.

"Ni na haƙura don iyayenmu ba su sani ba," in ji ta. "Kai fa? Ɗan ɗan'uwanka ya faɗa maka ba a ɗauka. Za ka bari a yi wa yarinyar nan abin da aka yi mini?"

Baffa ya sunkuyar da kai a kan littafi ya ce, "Yaya, sha'anin mata ne. Koma ciki."

Ta koma. Daga ranar tsakaninsu sai ina kwana. A makon ne ta sa na kira mata Auta a waya, ta ce, "Abin nan da ka ce, in ka zo ka zo da wuƙarka."

Da ya zo, ni na raka ta asibitin da aka ɗebi fatar, a gida an ɗauka ganin likita muka je kamar kullum. Aka yi mata bayani da Hausa dalla-dalla, aka tambaye ta ko ta yarda. Ita ma ta yi nata tambayoyin.

"Zai warkar da ni?"

"A'a, Gwaggo," in ji Auta.

"Yarinyar fa?"

"Ban yi miki alkawari ba. Wataƙila ita, wataƙila na bayanta. Wataƙila ma a gwada a ga ba hanya."

"To madalla da mai gaskiya. Ku yanka da kyau, kada ku yi mini rowa."

Tun daga nan ta samu abin tsokana. Duk kiran da Auta zai yi, kafin ta tambayi lafiyarsa sai ta ce, "Yaran sun ci abinci?" Ya ce sun ci, an canja musu ruwa. Ta ce, "Yauwa. Ka ga ikon Allah, na tsufa na haihu ba naƙuda." Wata rana muna zaune ta ajiye allura ta dube ni. "In na mutu ƙanin nan nawa zai ce a kwaso su. Na san shi, ni na goya shi. Ki tsaya musu. Ke ce mai baki a gidan nan." Na yi dariya na ce haba Gwaggo, wa zai iya da ni. Gaskiyarta ce, an san ni da baki, ko a taron biki in na fara sai an ba ni haƙuri.

Auta bai samu jana'iza ba, ya iso ana addu'ar uku. Da maraice dangi na jiki muna tsakar gida, wani kawu ya ce abin tausayi, ta tafi ba ta bar baya ba. Auta, idonsa jawur, ya ce, "Ta bari." Aka ce me? Ya faɗa. Ni da na san abin da zai biyo baya na dafe kai.

Baffa ya ce, "Kana nufin mun rufe Yaya, wani yanki na jikinta yana can a kwalba hannun baƙi?"

Kada a zalunci Baffa, ba jahilci ne ya sa shi ba. A gidanmu ba a yar da abin da ya fita daga jikin mutum. Aski in aka yi, a tattara gashin a binne. Farce a binne. Haƙori in ya fita a binne. A bayan ɗakunan mata akwai wani wuri gindin katanga da aka binne mabiyiyar duk wanda aka haifa a gidan, har da ta Gwaggo, har da tasa. Auta ya fara cewa akwai malaman da suka halatta irin wannan. Baffa ya ɗaga hannu.

"Ba fatawa nake nema ba, ina da littattafai. 'Yar'uwata nake so a cika mata kabarinta. In na ce a daina, za a daina?"

Auta bai iya ƙarya ba. Ya ce in dangi suka tsaya a kan haka, ba zai ci gaba ba, zai gaya wa shugabanninsa a janye nata. Ya ce amma aikin shekaru ne, kuma nata ne kaɗai suke da shi daga irin mutanenmu. Baffa ya ce, "To ka gaya musu kafin addu'ar bakwai." Sai ya juyo ya zagaya mu da ido. "Akwai mai magana?"

Auta ya dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa. Baffan nan shi ya tsaya mini uba ranar aurena, ban taɓa haɗa ido da shi ba, ta ina zan fara? Bakin nan da Gwaggo ta dogara da shi ya ƙi buɗuwa. Na ji kunyar Baffa, kuma na ji kunyar wadda ke kabari fiye da tasa, amma ta mai rai ce ta ci ni.

Washegari Baffa ya sa aka haƙa ɗan rami a gindin katangar nan. Ya yanko wani ƙyalle daga ragowar likkafaninta ya ninke ya sa a aljihu. Auta ya ce masa ko an janye, kawowa ba abu ne na yau ko gobe ba, amma Baffa ya ce ramin ya jira. Duk wucewar da zan yi zuwa bayi sai na ga ramin nan a buɗe, sai in kawar da kai.

Ranar bakwai da safe, bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, Baffa ya shigo cikin gida ya zauna a kan buzunsa ya kira mu. Auta ya durƙusa ya ce, "Baffa, zan aika saƙon yau. Amma ina roƙo ka ga abin da za a binne." Ya miƙa masa waya. Na matso ina leƙe ta bayansu.

Wani dunƙule ne mai duhu, an ƙara girmansa ya cika fuskar wayar. Cikinsa wasu 'yan haske ne ke ƙyaftawa, nan ɗaya, can ɗaya. Auta ya ce an sa musu wani abu ne da ke haskawa in ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo. Muna kallo, kwatsam duk suka kama a lokaci guda, kamar an kawo wuta unguwa, suka ɗauke, suka sake kamawa, suka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa.

"Mene ne wannan?"

"Kwatankwacin abin da ke faruwa a kanta ne in ta faɗi."

Baffa ya matso da wayar kusa da idonsa. Ina jin numfashinsa. Ya taɓa wani tsohon tabo da ke goshinsa, wanda duk mun san shi da shi amma ba wanda ya taɓa tambaya.

"Da ni ta fara faɗuwa," in ji shi. "Ina bayanta a goye. Tun daga nan in aka ce ta faɗi, fita nake yi. Ban taɓa tsayawa na gani ba."

Ya kalla har ya ƙare. Ya ce a sake sawa, aka sake. Auta ya nuna masa wani da aka ɗiga wa magani, hasken ya ɗan lafa. Ya ce yawancin waɗanda suka gwada ba su yi komai ba, wannan ma ba a san inda zai kai ba tukuna.

"Yana jin zafi?"

"A'a, Baffa. Ba ya ji, ba ya gani, bai san komai ba. Ba ƙwaƙwalwa ba ce, ɗan nama ne."

"Da ka taho wa ka bar wa?"

Auta ya ce wata abokiyar aikinsa ce, ba ƙabilarmu ba, ba addininmu ba. Ita ke zuwa ta canja musu ruwa ko ranar hutu ce.

"Ba ta ƙyama?"

"Safar hannu take sawa."

"Ka ji ko," in ji matar Baffa daga ƙofar ɗaki. "Su ma sun san ana ɗauka."

"Ba don haka ba ne, Inna," in ji Auta. "Babban abin da ake tsoro kada ita ta shafa musu ƙazanta su lalace. Ko numfashi ba a bari a yi a kansu."

Idona ya kai kan kofin da ke kan randa, na ga na matar Baffa ma can yake. Baffa ya juyo gare ni, ba tare da ya ɗaga kai sosai ba.

"An ce ke kika raka ta. Me ta ce?"

Maganar da na yi ta shiryawa kwana da kwanaki duk ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ta ce saboda Amarya ne, Baffa." Muryata ma ban gane ta ba.

Ya zaro ƙyallen daga aljihu, ya jujjuya shi, ya miƙa wa Auta. "Riƙe. A bar su su gama aikin da ta sa su. Ranar da suka gama ka nemi izini ka naɗo abin da ya rage. In ba na nan, ka san wurin." Ya ce a mayar da ƙasar ramin kada yara su karye.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sa 'yan yaranta su zama sadakar da ba ta yankewa. Allah ya yafe mana abin da muka yi mata muna ganin kiyayewa muke yi.

Da azahar ranar aka kai wa Baffa tuwonsa zaure, ya ce a dawo da shi tsakar gida. Ya wanke hannu, ya buɗe kwanon, ya ɗaga murya.

"Ina Amarya? Ko an yi yaji ne?"

Yarinyar ta fito ta tsaya nesa, ta kalli kakarta, ta kalli uwarta. Ya ce zo mana, nama zai ƙare. Ta zo ta zauna a hankali, ta sa hannu, ta kai baki, ta lashe yatsunta kamar yadda yara ke yi, ta mayar cikin miya. Na ga hannun Baffa ya tsaya a sama. Sannan ya gutsuri tuwo ya dangwala daidai inda ta dangwala, ya ci.

Mu duka muna tsaye muna kallo, mata manya da 'ya'yanmu. Ni da na raka Gwaggo asibiti, ni da na ji bayanin Auta da kunnena, sai na ji magana ta taso mini har bakin leɓe: Baffa, a kawo wani kwano? Na danne ta da haƙori. Ita ce kaɗai maganar da bakina ya kawo da kansa a duk kwanakin makokin nan.